Ƙanƙara a Kan Mbula

Tun ladan bai gyara murya ba na bar Dass,
adaka a kafaɗa, gora a ƙugu,
ƙuli-ƙuli huɗu a aljihun taguwa.
Ban tashi Kande ba.
Ban yi wa kare fito ba, don babu karen:
Duna ya mutu da bazara,
igiyarsa na nan a turke, ta rasa wuya.

Da mu bakwai ne masu hawan Mbula.
Barau ya tafi Kurmi gadi,
Jatau gwiwa ta ci amanarsa,
sauran kuwa sai dai addu'a.
Ni na rage, ni da taurin kaina,
da sawun mazon da na gani shekaranjiya
a bakin ƙorama, kofaton hagu a karkace.

Hantsi bai nuna ba hadari ya haɗo daga gabas,
baƙi ƙirin, gindin tukunya.
Na sunkuya cikin kogo,
jemagu na yi mini kallon baƙon da bai yi sallama ba.
Sai ga ta. Ba ruwa ba, ƙanƙara,
ƙwas, ƙwas, ƙwas a kan pa,
kamar wani a sama ya yi fushi da tsakuwarsa.

Da ta ɗauke na fito, ban gane dutsen ba.
Fari fat, tun daga ƙafata har inda ido ya gaji.
Shekara arba'in ina taka shi
ban taɓa ganin sa cikin likkafani ba.
Sanyi ya bi ta takalmin taya ya hau,
yatsuna suka daina amsa kira.
Shiru, har ina jin haɗiyar yawuna.

Ga sawun.
Tawada a kan takarda, ko makaho ya karanta.
Na bi shi ta tsakanin duwatsu biyu,
ta ƙarƙashin wata kanya da ta zubar da rabin ganyenta,
na zame, na fasa gwiwa, ban ce uffan ba.
Wa zan gaya wa?

Can na hango shi,
tsaye yana kaɗe baya,
tururi na fita daga hancinsa,
ƙaho a murɗe, kunne guda a yage,
fararen ɗigon cinyarsa
kamar ƙanƙarar ce ta manne ta ƙi narkewa.

Iska tana wajena.
Na durƙusa, na yi bisimilla,
na kwantar da kumatu a kan itacen da ubana ya goge da nasa,
na ja kunama.

Ƙyas.

Shi ke nan. Albarushi ya sha sanyi.

Ya waiwayo. Bai zabura ba.
Babu mace a bayansa, babu ɗa,
tsoho ne, haƙarƙari a waje,
ya dube ni yadda ake duban wanda aka taɓa sani a wata kasuwa.
Sai ya yi haushi sau ɗaya,
wallahi da muryar Duna,
ya haura, a hankali, yana ɗingisa hagun.

Na zauna a wurin na cinye ƙuli-ƙulin duka.
Na cika hula da ƙanƙara saboda jikata Talatuwa.

A gari ko ɗigo bai sauka ba.
Awaki na kwance a busasshiyar ƙasa.
Wajen mai shayi na ce dutse ya yi fari,
suka ce tsufa ne ya hau mini ido.
Kande ta dubi hannuna, ta dubi tukunya,
ta ɗauko daddawa ba ta ce komai ba.

Talatuwa ta karɓi hular, ta leƙa,
ta ce, Kaka, ruwa ka je farauta?

Na shanya albarushin a faifai.
In rana ta fito gobe zai bushe.
Gwiwar ce ban sani ba.