Harshe Mai Hawa Uku

A birnin Solo, layin masu zanen batik,
mahaifina Wagiman ya shekara talatin
yana tuƙa motar gidan Ndoro Kusumo.
Bai taɓa ce masa "kai" ba.
A harshenmu na Jawa magana matattakala ce,
kuma a gindinta aka yanke wa Baba cibiya.

Mu a gida muna mangan, hannu baka hannu ƙwarya.
In a gabansa ne, Baba ya nedha, kai a sunkuye.
Ndoro kuwa dhahar yake yi.
Alhali shinkafar guda ce,
daga buhu ɗaya Inna ta auno,
tukunya ɗaya ta sha wuta.

Mu turu muke yi a kan tabarma,
shi sare yake yi a gado mai labule.
Ina 'yar shekara bakwai na tambayi Inna:
"To, minsharin nan da ke fitowa ta taga,
shi a wane hawa yake?"
Ta ƙwala mini cokalin kaki a goshi,
kafaɗunta na rawa don dariyar da ta haɗiye.

Da na girma na hau jirgin ƙasa zuwa Jakarta.
Can harshen ƙasa shimfiɗe yake kamar fadama,
ni da manaja da mai shara
duk makan muke yi da rana.
Na rubuto wa Baba: na sami gida marar bene.
Ban yi wata uku ba na gane kurena.
Ina buɗe baki, 'yan ofis su kalli juna,
nauyin ƙauye na manne a harshena
kamar laka a dugadugi.
Wadda ke barbaɗa Turanci a zancenta
ita lifta ke ɗauka zuwa sama.
Ashe matattakalar ba ta rushe ba,
kafet aka shimfiɗa mata.

Shekarar da ƙirjin Baba ya fara kukan tsohon inji,
an riga an sayar da babban gidan, ya zama otal.
Ndoro ya zo dubiya a keken haya,
sanda a hannu, riga ta yi masa yawa.
Baba ya yunƙura zai sauko daga gado
don kada kansa ya ɗara na baƙo.
Sai da muka danne shi mu biyu.
Suka yi hira, tsoho da tsoho,
ɗaya na jefo kalma daga sama,
ɗaya na miƙa tasa da hannu biyu,
a kan taya da ta taɓa fashe musu a hanyar Klaten.

Ranar jana'iza, maƙwabta na cewa ya mati,
kalmar da muke yi wa kaza da fitila.
Ndoro ya tsaya a bakin rumfa,
ya ce, kowa na ji: "Pak Wagiman ya seda."
Wuri ya yi tsit.
Kalmar 'ya'yan sarauta ce, ba a taɓa ara mana ita ba.

Inna ta fashe da kuka don godiya.
Ni zuciyata tafasa ta yi:
shekara talatin a ƙofar bene,
sai a makara za a hau da shi?
Duk da haka, ban san sa'ad da hawaye ya zubo mini ba.

Da kowa ya watse na durƙusa kan jar ƙasar.
Na nemi harshen da yake zagin sauro da shi,
wanda yake kirana in zo in sha shayi,
harshen ƙasan bene, mai ƙanshin man inji.
Na ce, "Pak, turu.
Gobe babu inda za ka kai kowa."