Sheƙin Ƙarshe

A Bhojpur, can bisa tudun Nepal,
inda gajimare ke shigowa tsakar gida ba sallama,
kakana Harka Rasaili na zaune kan buhu
da ƙahon ɓauna tsakanin gwiwoyinsa.

Ƙaho ba ya zuwa da kyansa.
Da kaushi yake zuwa, da busasshen taɓon gonar shinkafa,
da ƙaurin da ke korar kare in wuta ta lashe shi.
Wannan na Kali ne, ɓaunar maƙwabcinmu,
wadda ta ja garma shekara goma sha shida
kafin ƙasa ta zame da ita a daminar bara.

Magagari ne farko.
Farin gari na zuba kan yatsun ƙafarsa
daga abu baƙi ƙirin, har yau ban gane wannan ba.
Sai samfefa mai tsakuwa, sai mai yashi,
sai wadda ta tsufa ta koma kamar ganye,
ya tsoma ta a ruwa, ya bi jijiyar ƙahon,
ba ya taɓa gitta ta.
"Phulmaya," in ji shi, "matakin da kika tsallake
yana can gaba yana jiran ki.
Sheƙi ba ya rufa wa ƙwarzane asiri, tona shi yake yi."

Idanunsa sun yi yana tun ina goye.
Da leɓe yake dubawa:
ya ja ƙotar a leɓensa na ƙasa, sannu,
ya tsaya, ya ce da saura,
ni kuwa har fuskata nake hangowa a ciki.

Toka daga murhun kakata, tankaɗe biyu.
Ɗigon man girki uku, ba huɗu ba.
Tsumman zanen da ya manta launinsa.
Tun hantsi har inuwa ta haye garken awaki.
Sannan ya ture komai gefe,
abin da ya rage aikin tafin hannu ne,
fata a kan ƙaho, gaba da baya,
yau, gobe, jibi,
har ƙotar ta ɗauki ɗumi kamar mai numfashi,
baƙin ya yi zurfin rijiya,
wani siririn zare mai ruwan zuma ya taso daga can ciki,
wanda Kali ta yi ta yawo da shi a ka
ba wanda ya taɓa gani.

Ran kasuwa mai saye ya hauro,
babban mutum, gonakinsa sun gangara har kogi.
Ya ja birki a bakin shinge.
Irinsu ba sa shan ruwan gidan maƙera,
ba sa yarda hannunsu ya gamu da namu.
Kakana ya kwantar da wuƙar khukuri kan dutse, ya ja da baya.
Mutumin ya ɗauka, ya juya ta a rana,
ya ce bai taɓa ganin baƙi mai haske haka ba.
Ya ƙirga kuɗi, ya ajiye kan dutsen,
ya danne da tsakuwa don kada iska ta kwashe.

Na bi shi da ido yana sauka,
yatsunsa naɗe da ƙotar,
babban yatsan yana shafa ta, yana shafawa, ya kasa dainawa,
daidai inda tafin kakana ya yi yini uku,
daidai inda leɓensa ya bi.

Na ce, "Baje, bai ma sani ba."

Bai tanka ba.
Ya laluba kwando, ya zaro ƙahon Kali na hagu,
ya ƙwanƙwasa shi da farce a kusa da kunne,
ya ce in miƙo masa magagari,
in kuma leƙa ko awaki sun faɗa masara.