Koren da Radim Yake Nema

A hawa na biyar, a birnin Ostrava,
inda taga ke kallon bututun masana'antar da ta daina hayaƙi,
Radim Kubala ya shimfiɗa jaridar jiya a teburin kicin,
ya ɗora tankar yaƙi mai tsawon tafin hannu.
Roba ce. Mako uku yana harhaɗa ta,
ƙwayar sarƙa bayan ƙwaya, da bakin hantsaki.

Saura launi.
Takardar cikin kwali ta ce kore, har da lamba.
Ya sayo kwalbar, ya shafa a bayan cokalin roba,
ya kai gaban haske, ya girgiza kai:
wannan koren kabeji ne,
ba shi ya tsaya a ƙofar gidansu ba
da asubar nan, yana ɗan shekara tara.

Ɗigo biyu na rawaya, ɗaya na baƙi.
Ya yi duhu. Ɗan fari. Ya koɗe.
Cokula sha ɗaya sun jeru a bakin taga
kamar masu jiran likita,
kowa da korensa, babu na ranar.
Hotunan kuwa baƙi da fari ne,
sun ga komai, sun ƙi faɗa.

Ya kira yayarsa Jarmila.
"Ke da kika riƙe hannuna, wane launi ce?"
Shiru, sai kukan butar shayi daga can.
"Ni ban ga launi ba, Radim.
Taɓo na gani, ya cinye tayoyinta,
da yaron da ya leƙo ta sama, leɓensa a tsage,
yana tambayar sunan garin da ya shigo.
Mama ta ce kada wanda ya ba shi ruwa.
Da la'asar ita ta kai."

Ya ajiye waya.
Ya ɗauki cokali na bakwai, ko na takwas ne,
ya fesa, ya bar shi ya sha iska.
Sannan ya shiga aikin shekaru:
ya yagi soso, ya dangwali ruwan ƙasa,
ya ɓantare fenti inda takalmi ke takawa;
ya ɗiga tsatsa ƙarƙashin kowace ƙusa,
ya ja ta ƙasa da jiƙaƙƙen burushi
yadda ruwan sama zai ja ta;
ya goga fensir a haƙoran sarƙa
har roba ta yi ƙyallin ƙarfe.
Ƙasar tukunyar furen matarsa
ya tace da rariyar shayi, ya kwaɓa da gam,
ya yaɓa, ya ƙara yaɓawa.

Ƙarfe ɗayan dare, jirgin titi na ƙarshe ya wuce.
Koren da ya sha wahalarsa
sai an kanne ido ake hango shi.
Ya ce, "To, yanzu ta fara kama."

A gindin kwali akwai saura:
ɗan soja, bai kai ɗan yatsa ba, fari fat, ba fuska.
Radim ya goge tabarau,
ya jawo sabon cokali,
ya fara neman launin busasshen leɓe.