Yatsu Goma

Da sassafe na turo shi a baro daga Ƙofar Ruwa,
jan injin kaftu, hayar yini guda.
Barau mai shi ya ce, "Kafin magariba ina son kayana."
Na ce to.

Lambunmu yana bakin Kwakwaci,
inda jirgi ke saukowa ƙasa-ƙasa
har inuwarsa ta shafi ganyen latas.
Kawu Sallau ya riga ni zuwa,
yana zaune kan tsohuwar taya, carbi a hagu,
don a damansa yatsu uku suka rage.

"Ajiye shi tukuna," in ji shi.
"Ƙasar birni tana da ajiya,
ba ta faɗa wa kowa abin da ta haɗiye."
Muka bi fegin a sunkuye, taku bayan taku:
fasasshiyar kwalba, ƙusa mai tsatsa,
guntun rodi, murfin kwano,
dutse kamar dunƙulen hannun yaro.
Buhu ya kusa cika
tun ba a ji ƙarar inji ba.

Ya damƙi ƙasa ya matse.
"In ta dunƙule kamar tuwo, ka jira gobe.
In ta warwatse kamar dambu, bismilla."
Ta warwatse.

Ya kakkafa kara inda bututun ruwa ya bi ta ƙarƙashi,
ya dubi ƙafata ya yi tsaki.
"Silifa? Sa takalmi mai wuya.
Jamfar nan mai fiffike, rataye ta a zogale.
Haƙoran ƙarfe ba su san bambancin riga da fata ba,
duk abin da ya leƙo, nasu ne."

Iro da Hajjo sun zo kallo.
Ya kora su tsallaken kwata,
ya ce daga can ma ido yana gani.

Na zuba mai tun yana da sanyi, na ɗaure murfi, na goge.
Na ja igiya, shiru.
Na sake ja, ya yi tari.
A na uku ya farka da faɗa,
ƙarfinsa ya hau hannuna har haƙarƙari.

"Kar ka danne shi! Kar ka ja shi baya kan ƙafarka!
Bi shi kamar mai rakiyar tsoho,
sama-sama da fari, zurfi sai a dawowa."
Ƙasa ta riƙa juyewa, baƙa, mai ƙamshi,
balbela biyu suka sauka a bayana
suna karɓar rabonsu.

Wajen hantsi ya shaƙe.
Leda ce, doguwa, da wata waya,
sun nannaɗe haƙoran kamar rawani.
Injin na gurnani a hankali, haƙora tsaye cik.
Na ce a raina, abin daƙiƙa ɗaya ne,
na sunkuya, na miƙa hannu.

Kawu bai yi ihu ba.
Hannun dama kawai ya ɗaga sama,
rana ta ratso ta gurbin da babu komai.

Na janye.
Na kashe shi, na zare hular fulogi,
na jira ƙarfe ya huce,
sannan na sa sanda da wuƙa na warware ledar.
"Ni ma daƙiƙa ɗaya na ce," in ji shi,
ya koma kan carbinsa.

La'asar sakaliya fegi ya kwanta lumui,
gobe sai jan kwami, jibi irin karas.
Na wanke laka, na mayar wa Barau kayansa,
ya ƙirga kuɗinsa, bai rasa ko sisi ba.

A bakin masallacin unguwa na tsuguna da buta.
Ina tsefe yatsu a alwala
sai na samu kaina ina ƙirgawa,
ɗaya, biyu, har goma,
ruwa na bi ta tsakaninsu.