Laimar da Ban Buɗe Ba

Kowa ya ce in tafi Roma,
ko birnin da kwale-kwale ya gaje mota.
Ba wanda ya ambaci Torino.
Ni ma kwana biyu na ware mata,
a gaisa a tsaitsaye, a wuce.

Na sauka tasha ana tsuga ruwa.
Wani saurayi ya sayar mini da laima baƙa,
yuro biyar, ko tayawa ban yi ba.
Na ɗaga ta zan buɗe
sai na ga birnin ya riga ni:
rumfar dutse ce, ginshiƙi na bin ginshiƙi,
soro ya haifi soro, jikan ma soro ne,
har inda ido ya gaji ya dawo.
Wuni guda ina tafe, kafaɗata a bushe.

Delfina, tsohuwar da na sauka gidanta,
siririya kamar allura, da ɗan Turancinta mai ɗingishi,
ta nuna ƙarshen titi da mabuɗi:
"Akwai duwatsu a can, da ƙanƙara a ka."
Na duba. Gajimare ne, toka-toka.
Na gyaɗa mata kai irin na baƙo mai ladabi.

Ni tela ne, kan ɗinki idona ke fara sauka.
Mutanen nan ba sa ɗaga murya,
tufafinsu ma haka:
kwat ruwan toka, kwat ruwan ƙasa,
ba zare ko ɗaya da ya leƙo yana neman magana.
Na bi wani dattijo taku arba'in
don in ga yadda aka haɗa masa kafaɗa.
Ya waiwayo.
Na shiga karatun sunan layi da ban iya furtawa ba.

A wani ɗan shago mai teburan marmara
aka kawo mini tambulan mai hawa uku:
cakulan, gahawa, farin kirim a bisa.
Na kai hannu ga cokali,
Ottavio mai hidima ya dafe ƙirji
kamar na ce zan rushe masa gidan gado.
Ba a juyawa.
Sanyi ya yi sallama, ɗaci ya shigo,
zaƙi ya zo daga baya yana ba da haƙuri.

Kowane lungu da famfonsa kore,
kan bijimi ne, bakinsa ba ya hutawa.
La'asar ta riske ni gaban ɗaya,
na naɗe hannun riga, na yi alwala,
sanyin ya ratsa ni har dasashi.
Wata yarinya da karenta suna jiran layi.
Ba ta ce uffan ba.
Da na idar, ta miƙo mini hankicin takarda,
karen ya matso ya sha rabonsa.

Kogin Po yana tafiyar wanda ba a bin sa bashi.
Jirgin titi, ruwan lemo, yana ƙugi a kwana.
Kwana biyu suka zama biyar
ban san inda ukun suka shigo ba.

Asubar tafiyata Delfina ta buga ƙofa,
silifas a ƙafa, gashi ba gyara,
ta ja ni da hannun riga zuwa taga.
Ga su nan.
Farare, a jere, a tsaye ƙarshen titi,
kamar dattawan da suka daɗe da isowa
suna jiran a lura da su.
Na ce, "Subhanallahi."
Ta ce wani abu da yarenta,
ina jin ba su da nisa da juna.

Na bar mata laimar a bayan ƙofa,
igiyarta ko kwancewa ba ta yi ba.
Ta ɗora yatsa a leɓe:
"Kada ka gaya wa kowa. Za su cika mana gari."

To, Delfina, ga shi na faɗa,
amma da Hausa na faɗa, a hankali,
ba na jin zai kai kunnen Roma.