Murafen Kwalba

Kwalejinmu a Kumo aji shida ce,
da rijiya ɗaya, da bishiyar maina
inda Malam Bappayo ke jingine kekensa.

Ƙawayena sun tafi koyon jinya.
Ni kuwa, in ji su, karatun share majina na zo.
Ban musa ba.

Shekara biyu ina tara murafen kwalba
a gwangwanin madara, don koyar da ƙirga.
Na haddace yadda hankalin yaro ke girma
daga takardar da rabinta ya goge.

Sai aka tura ni gwaji bayan Pindiga.
Yara saba'in da uku, benci huɗu,
allon ya koɗe, muka shafe shi da baƙin batir.

Akwai Gidado can lungu,
ba Hausa a bakinsa sai "to".
Na zuba masa murafe goma sha biyu,
na damƙe ɗaya a hannu.
Bai ƙirga ba.
Kallo ɗaya ya yi,
irin wanda yake wa shanu da magariba,
ya ɓamɓare yatsuna,
ya mayar da ɓatacciya cikin garke.

Malam Bappayo na baya da jan biro.
Hamsin da takwas ya ba ni:
"Kin saki tsarin darasi."
Gaskiya ne, na saki.

Washegari na tarar da murfi a teburina,
mai tsatsa, an goge shi da bakin riga.
Yana ƙullin gyalena har yau,
ban haɗa shi da sauran ba.