Rubutun Gefen Dodo

A Sabon Layi shago biyu ne,
Kwata guda ce ta raba su.
Rabe a dama, Nalado a hagu,
Ni ne yaron aikewa.

Rabe bai yarda a sa wa kyamararsa
Wani fim in ba Kodak ba.
Kwalin nan mai ruwan ɗorawa,
Har shinshina shi yake kafin buɗewa.

Ya ce, "Wanga ya san fatar mutane.
Ɗauki baƙi wuluk da hantsi,
Ya hito kamar an shafe shi da man shanu,
Goshi na ta walwalawa."

Nalado ya furzar da tukar goro:
"Kai dai ja! Duk wanda ka ɗauka
Sai ya dawo kamar gasasshen tulu.
Fuji shi ya san damina,
Je ka Ajiwa gero na kunnen kura,
Kore ɗaya ba ya zubarwa."

Mai Agfa na can Ƙofar Ƙaura,
Ba sa ko sa shi a lissafi.
Konika kuwa sai ƙarshen wata,
In aljihu ya soma bushewa.

Talatin da shida kowane naɗi:
Suna, walima, sabon direba
Ya dafa Fijon da ba tasa ba.
In kai Kano wanki, in kwana,
In dawo da ambulan biyu,
Su baje a benci suna gwadawa.

Su kira Sallau mai shayi alƙali.
Ya duba wannan, ya duba wancan,
Ya ce, "Ni dai mutum na gani,
Ku bar ni, ruwana na ƙonewa."

Shekara ashirin suna wannan,
Har waya ta zo ta raba gardama.
Shagon dama ya koma na caji,
Na hagu ƙofarsa ta daina buɗuwa.

Ran da Rabe ya riga mu,
'Ya'yansa suka zazzage akwatuna.
Rabin Katsina na ciki tana murmushi,
Fuskarsa ce kawai babu.
Wanzami dai ba ya son jarfa,
Mai ɗauka bai tsaya an ɗauke shi ba,
Suka zauna suna sharɓewa.

Ran uku Nalado ya zo da sanda
Da wata ambulan da ta sha maiƙo.
Ga Rabe a benci, hannu a sama,
Baki buɗe, gardama na tsakiya,
Goshi na ta walwalawa.

Na ɗaga dodon wajen taga.
Can gefe, kusa da hujojin,
Ƙananan baƙaƙe sun ce Kodak.
Na sake dubawa.

Ya ce, "Mi kake kallo, yaro?
Abokina baƙi ne wuluk,
Da mi kake so in ɗauke shi?
Kada ka hwaɗa ma kowa."

Bara shi ma ya bi sahu.
Na riƙe har iya inda na iya.
Nalado, yafe mini,
Yau kam na gaya wa kowa.